Daƙiƙa biyar

Yau da rana na gwada wani ɗan lissafi da na kwana biyu ina haɗawa a kwamfuta, mai kwaikwayon yadda motsin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke komawa abin da na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ke gani. Na ba ƙwayoyin motsi na ƙiftawar ido, na zuba wa allo ido. Shiru. Har na fara zargin na yi kuskure, sai ga layin ya soma ɗagawa a hankali bayan kamar daƙiƙa 2, ya kai ƙololuwa wajen daƙiƙa 5, ya gangaro har ƙasa da inda ya taso, bai daidaita ba sai da aka haura daƙiƙa 20. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na daɗe da sanin haka a takarda, amma gani ya kori ji.

Jini na'urar ke bi. Inda ƙwayoyi suka yi aiki, jini mai iskar oksijin kan kwararo fiye da buƙata, jijiyar jinin ta kumbura kamar balan-balan, yadda wani masanin kimiyya mai suna Buxton da abokan aikinsa suka lissafa a 1998. Daga baya na gwada motsi ɗaya, na sake gwada biyu kurkusa da juna, layukan suka fito kusan da siffa ɗaya. Nan jikina ya yi sanyi. Har yanzu ina tunanin yawan abin da ke wucewa a cikin kai kafin jinin ya iso.