Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Zauren da Yaya ya rushe

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Baba. Yau maganar zaure ce, don har yanzu tana ci mini rai.

Baba magini ne, ɗan magini. Gidanmu na cikin birnin Kano da hannunsa ya tayar da shi, tubali kan tubali, rufin azarar giginya wadda gara ba ta iya ci, ga yaɓen makuba da ake sabuntawa kafin damina. Kullum cewa yake, "Gidan da ba zaure, kowa ya san abin da ke tukunyarsa." Mu dai dariya muke yi.

A zauren nan aka ɗaura auren Yaya. A nan almajirai ke biya allo da dare. Baƙo ya yi sallama ya zauna kan dakali, ko shigifa ba ya leƙawa. Ka shigo da rana tsaka a watan Afrilu, sai ka ji sanyi kamar ka sa kai cikin randa.

Daminar 1988, shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, gidajen ƙasa da yawa suka zube. Namu bango ɗaya ne ya zauna, shi ma don indararo ya toshe. Tun ranar Yaya ya sa wa ginin ƙasa kahon zuƙa. Ko shekara Baba bai yi a kabari ba, aka wayi gari an kawo lebura. Shaguna uku na bulo da rufin kwano suka maye gurbin zauren. Da na yi magana, ya ce, "Kai yaro ne, zaure na biyan kuɗin makaranta?" Inna ba ta ce uffan ba, ta dai tattara tabarmin Baba.

To, ni da nake ta zargin Yaya, da na samu filina a Hotoro fa? Mai zane ya ba ni falo, kicin na kallon falon, sai wurin ajiye mota a bakin get. Na sa hannu. Yanzu baƙo na ƙwanƙwasa ƙofa, uwargida da 'yan mata sai rige-rigen ɗaki, hijabi a hannu. A ɗauke wuta kuwa, bulo ya yi ta amayar da zafin yini har ƙarfe biyun dare, muna kwance a baranda sauro na shagali. Kowa ya san abin da ke tukunyata, Baba.

Kuɗin hayar shagunan nan, da yadda aka raba su, sai mako mai zuwa.