Gashin kifi karo na huɗu: bushewa ta yi sauƙi

'Yan uwa masu koyon girki, sannunku da ƙoƙari. Daren jiya na gasa kifi a tanderu karo na huɗu, kuma sai a wannan karon aka cinye shi tas.

A gwaji biyu na farko matsalata ɗaya ce, bushewa. Tsoron kada in ba mutanen gida ɗanyen kifi ya sa nake barinsa har minti 30, sai ya fito da tauri, ana ci ana korawa da ruwa. Ashe kaurin yankan ake dubawa, ba yawan kifin ba. A zafin digiri 200 na ma'aunin Salshiyos, kaurin santimita 2.5 minti 10 yake bukata, ko sama da haka kaɗan. Yankan jiya ya ɗan ɗara haka, na ba shi minti 12.

A karo na uku ruwa ne ya ɓata min aiki. Ban bari ƙanƙarar ta gama saki ba, ruwa ya taru a tire, kifin ya dahu maimakon ya gasu. Shi ya sa tun shekaranjiya da dare na sauko da shi daga firiza zuwa firji, ya saki a hankali. Kafin in sa masa komai na tsane shi da tawul ɗin takarda, gaba da baya, har ya daina jiƙa takardar. Don Allah kada ku raina wannan aikin na minti ɗaya, shi ne ya fi komai canza min girkin.

Kayan haɗi ba su da yawa: man zaitun cokali biyu, gishiri, masoro, tafarnuwa sala uku. Lemon tsami kuwa na daina jiƙa kifi a cikinsa tun yamma, domin tsamin yana fara sauya tsokar tun kafin ta ga wuta, ta yi fari ta kama jiki. Yanzu yanka shi nake yi siriri-siriri in shimfiɗa, in ɗora kifin a kai, sauran in matse bayan an sauke.

Dankalin turawa ya riga kifi shiga da minti 25. In aka sa su lokaci ɗaya, ko dai dankali ya fito ɗanye ko kifi ya ƙone.

Da lokaci ya cika na soka cokali mai yatsu a wajen da ya fi kauri, na ɗan murɗa. Tsokar ta rabu falle-falle, fara sol, tana ƙyalli, tururi na tashi daga tsakani. Mai ma'aunin zafin abinci ya nemi digiri 63 a tsakiya. Na bar shi minti uku a tiren kafin in zuba, domin zafin da ya ɗauka yana ci gaba da aiki ko bayan fitowarsa.

Abin da ya rage min shi ne fata. Inda ba lemo a ƙasa ta kama tire, ta yage wajen ɗauka, kuma abin ya dame ni, don fatar nake so ta yi ƙamas. Mako mai zuwa zan fara zafafa tiren da ɗan mai kafin in ɗora kifin. Wanda ya riga ni shawo kan wannan a cikinku, ina jiran shawararsa.