Kwalba biyu suka rage mini a warsha

Shekarata ta farko a warshar Kawu, wato garejinsa na goge fentin mota da ke Sana'iyya, unguwar masu sana'a ta Jidda, ɗan abin da nake samu duk a kwalabe yake ƙarewa. Duk man goge fenti da na gani da araha sai na saya, a zatona yawan kaya shi ne ƙwarewa. Kawu yana kallo bai ce uffan ba, har ranar da aka kawo wata baƙar Camry.

Na bi ta da sarukh, sunan da ake kiran injin gogewa mai juyawa a nan, na shafa wani mai marar suna. A inuwa sai ƙyalli take kamar madubi. Bayan kwana huɗu mai ita ya wanke ta, ya dawo da azahar ransa a ɓace. Rana ta tona komai: zane kamar saƙar gizo a kan bonet da ƙofofi. Ashe man bai cire ƙarcen ba, maiƙo ne ya cike shi, sabulu ya wanke.

Kawu ya ce, "Ɗana, kwashe tarkacen nan. Mai biyu ya ishe ka, ɗaya mai ci, ɗaya mai laushi."

Haka na koma. Mai cin, Menzerna 400 ko Meguiar's M105, shi ke share sawun samfefa mai lamba 1500 ko 2000. Mai laushin, irin su M205, ya bi baya ya kwashe zanen da injin ya bari. Kwalbarsu da tsada, ba musu, amma ɗigo huɗu kan ishi wuri mai faɗin ƙafa biyu, don haka ƙaramar kwalba takan daɗe.

Inda na fi yin asara ma ba a mai ba ne, a soson da ake maƙala wa injin ne. Da ɗaya nake gama mota, ya toshe, ya yi zafi, ya koma yana ƙarce abin da na gyara. Yanzu ina da na ulu don ci, da na soso matsakaici da mai taushi, bibbiyu, ina canzawa ina wankewa. In kuɗi ya gaza, gara in haƙura da kakin ƙyalli in ƙara soso.

Abin da ke ba ni tsoro har yau, fatar fenti ta sama ba ta cika wuce maikiron 50 ba, ko kaurin takarda ba ta kai ba. Shi ya sa nake fara injin a juyi 600 zuwa 900 a minti, in hau 1500, in sauko, in liƙe gefuna da tef. A zafin Jidda kuwa, motar da ta sha rana ba na taɓa ta sai ta huce, domin man bushewa yake nan take.

Kafin in kira mai mota, sai na goge gefe ɗaya da sifirit gauraye da ruwa, na turo ta tsakiyar rana na duba.