Neman asali ya kusa karya min wuya

Wata biyu kenan ina bin salsalar gidanmu, kakan babana fataucin goro ya kawo shi Salaga a arewacin Ghana, da yaƙin 1892 ya watsa garin sai ya gangaro Kumasi, shi ne muka tsinci kanmu a unguwar Aboabo. To ni kuma kullum bayan isha'i sai in duƙufa kan laftof ina zuƙo hotunan tsofaffin takardun ajami har ƙarfe biyu, wallahi ranar nan da zan yi sallama a sallar asuba wuya ya ƙi juyawa, sai da na juya da kafaɗa gaba ɗaya.

Yanzu na ɗora laftof kan kwali ya zo daidai ido, minti talatin in miƙe. Asabar kuma babu kwamfuta, gidan Gwaggo nake zuwa da goro, sunaye takwas ta lissafo min tana tankaɗe.