Kakin Boma na kakana da abin da damina ɗaya ta yi masa

Kayan sojan kakana sun haura shekara saba'in a cikin adaka, a ɗakin ƙasa a Zariya, ba abin da ya same su sai ɗan koɗewa. Damina ɗaya suka yi a cikin leda a gidana na bulo a Kaduna, aka yi musu ɓarnar da har gobe ba ta gyaruwa. Duk wanda ya tambaye ni yadda ake adana tsofaffin kayan soja, da zancen ledar nan nake farawa, don har yanzu abin bai bar ci mini rai ba.

Kakan nawa ɗan Boma ne, wato cikin sojojinmu da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Boma (Burma). Yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1943, aka kwashe su a jirgin ruwa a 1944, suka yi yaƙi da Japanawa a yankin Arakan na ƙasar Boma. Su da Runduna ta 81 ne suka kama garin Myohaung a watan Janairun 1945, shi ya sa har yau akwai barikin Myohaung da na Arakan a Legas. Abin da ya dawo da shi a 1946 ba shi da yawa: rigar kaki mai aninan tagulla, koriyar rigar daji, malafar soja ta ulu, jar dara ta faretin zaman lafiya, naɗin ƙafa, ɗamarar fata, lambobi huɗu, da littafin sallama. A hannun koriyar rigar akwai tambarin rundunarsu, mashi biyu baƙaƙe sun gitta ta cikin gammo a kan rawayan ƙyalle. Gammo fa, irin na ɗan dako, domin a dajin Boma inda mota ba ta shiga, a ka mutanenmu suka ɗauki harsashi da abinci da bindigogi. Tambarin Runduna ta 81 kuma gizo-gizo ne baƙi. Daga baya na sayi ɗaya a wajen jikan wani tsohon soja, na haɗa da sauran abubuwan da nake tarawa.

Da goggonmu da ke riƙe da adakar ta rasu aka zo rabon kaya, sai aka ce adakar ta zo wurina tunda ni ne mai son irin waɗannan abubuwa. Ba a jima ba aiki ya kai ni kudu. Ƙanena da ke zaune a gidan ya buɗe, ya ji warin tsufa, ya kwashi rigunan da malafar ya kai wa masu wankin zamani don ya faranta mini. Da ya kira ni cewa ya yi, "Yaya, sai ka ga kayan Baba Tsoho, sun fito fes kamar yau aka ɗinka." Ban riƙe shi a raina ba, yaro ne, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Mai wankin ne ban yafe wa ba. Mutumin da sana'arsa tufafi ce, ya ga yadin da ya girmi ubansa, ai ko tambaya ya yi kafin ya jefa a ruwa.

Ruwan zafi ya sa musu. Ya zuba sitaci, ya danne da dutsen guga har kafaɗun suka yi ƙyalli. Ya goge aninan da man goge tagulla ba tare da ya kare yadin da ke kewaye ba. Sannan ya rataya kowace riga a maratayin waya, ya lulluɓe da leda tun ba su gama bushewa ba, a watan Yuli. Haka suka kwana cikin wadirob ɗin da ke jingine da bangon waje, marka ta zo ta wuce a kansu, ba wanda ya leƙa.

Ranar da na dawo na yage ledar, wari ne ya fara dukana. Funfuna ta yi toka-toka a ƙirjin kakin da hammata, ta bar ɗige-ɗige baƙaƙe waɗanda suka shige cikin zaren. A kafaɗu biyu tsatsar waya ta zana layi ja, kuma daidai kan layin yadin ya yi rauni har in ka ɗan ja sai ka ji yana ƙara. Kewaye da kowane anini ga farin busasshen mai ya daskare, ƙarƙashinsa ya fara komawa kore. Kyankyasai sun shiga ta ramin maratayi sun bi sitacin suna lasa, sun gurje saman abin wuya. Rawayan tambarin ya tsuke, baƙin masun ya ɗan zuba a kansa. Abin da ya fi ƙona mini rai yana cikin wuyan koriyar rigar: lambar sojan kakana da aka rubuta da tawada, wadda ita ce ta haɗa rigar da littafin sallama, ta wanke saura inuwa. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai da abin ya faru na zauna na yi tunanin me ya sa adakar goggo ta yi nasara. Ba ta toshe iska gaba ɗaya. Ɗakin ƙasa kaurin bangonsa ba ya barin zafi da sanyi su riƙa hawa da sauka da sauri. Adakar tana kan duwatsu, ba ta taɓa daɓe. Kuma duk bayan damina goggo takan fito da kayan ta shanya a inuwar zaure, ta karkaɗe, ta sake busasshen ganyen darbejiya da take ƙullewa a tsumma, ta mayar. Ba ta taɓa wanke su ba. Leda kuwa duk danshin da ta tarar a jikin yadi ta kulle shi ke nan, rana ta dumama ɗaki ya zama gumi, dare ya yi ya koma cikin zare. Masu aikin gidajen tarihi sun fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma in ya wuce 65 zuwa 70 ya daɗe a haka, funfuna ta samu gida. Na sayi ƙaramin agogon auna danshi, ba shi da tsada, na ajiye a ɗakin. A watan Agusta yakan haura 80. Da hunturu ya kankama yakan faɗo ƙasa da 20. A wannan ƙasa tamu abokan gaba biyu ne, kowane da lokacinsa, kuma mai ajiya dole ya san wanda ke bakin ƙofa.

Funfunar na cire ta ne a waje, cikin inuwa, da takunkumi a hanci. Sai da na bari ta bushe sarai, don in ka shafa ta tana da laima cusa ta kake yi. Na bi da buroshi mai laushi, sannan na shimfiɗa guntun gidan sauro a kan yadin na zuƙe da injin shara ta samansa, don kada ya fizgi zare. Ƙurar ta tafi, tabon bai tafi ba, kuma na haƙura da shi. Wani ya ce in sa ruwan bilic, wani ya ce lemon tsami da gishiri a kan tsatsar. Ban saurari kowa ba. An riga an yi wa rigar nan wanka ɗaya da ya fi ƙarfinta.

Yanzu ba na rataye komai. Kwance suke cikin adaka, kowace riga tsakanin shimfiɗa biyu ta farin alawayyo da na wanke sau da yawa ba sabulu mai ƙamshi, ba bula, ba sitaci. Inda dole sai an ninke, nakan naɗe guntun alawayyo kamar tsintsiyar hannu in cusa a cikin ninkin don kada ya karye, domin tsohon auduga a kan layin ninki yake fara tsagewa. Aninan ma na yanka ƙananan ƙyalle na zura ƙarƙashin kowanne don tagulla ta daina taɓa yadi. Adakar tana kan katako, nesa da bangon waje, inda zan iya zagayawa in duba ko gara ta fara gini. Da damina nakan sa ƙunshin nan masu tsotse danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi amma manya, kuma sai an riƙa fito da su ana busarwa, in ba haka ba sun cika sun zama banza. Kafur na daina sawa. Warinsa yana kama yadi ya ƙi fita, kuma yana da haɗari ga yara ƙanana, musamman masu larurar nan ta jini da ake kira G6PD, wadda ba baƙuwa ba ce a cikinmu.

Asu shi ma ya ba ni tsoro, amma a nan na yi sa'a. Ba ya damuwa da auduga sosai, ulu yake so, wato malafa da dara da naɗin ƙafa. Na ga ɗan gari-gari da wani abu kamar saƙar gizo a cikin zagayen darar, na san tsutsarsa ta shiga. Maganin da ba ya ɓata kaya shi ne sanyi. Wannan ne kaɗai wurin da na yarda leda ta kusanci kayana: a sa abin a busasshe, a fitar da iska, a ɗaure tam, a sa a firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili har mako biyu, in an fito da shi kuma a bar shi cikin ledar yini guda ya huce kafin a buɗe, don raɓar ta tsaya a bayan leda. Matsalar ita ce wuta. In ana ɗaukewa ana kawowa, firizar ba ta riƙe sanyin da zai kashe ƙwai. Wurin wani abokina mai sola na kai. Tambarin tagulla mai bishiyar kwakwar manja da ke gaban darar na cire shi tukuna. Da ta huce na fitar da ita daga ledar nan take, ban bari ta ƙara kwana a ciki ba.

Ɗamarar fata ce ta tsira daga mai wanki don ƙanena bai ɗauke ta ba, amma ita ma tana da halinta. Inda tagulla ta haɗu da fata, wani kore mai danƙo yakan taru, kuma in ya shafi yadi ya zauna. Da tsinken sakace nake kankare shi a hankali, kuma ita kaɗai take kwana a jakarta ta auduga. Hunturu yana busar da ita har ta nemi tsagewa. Mutane sukan ce a shafa man kaɗanya ko man gyaɗa. Kada ku yi. Mai yana baƙanta fata, ya yi ɗoyi, ya kira ɓera da ƙwari. Gara a bar ta a miƙe, a daina lanƙwasa ta.

Lambobin kuwa, Allah ya taimake ni suna cikin gwangwani a ƙasan adakar, da su ma an goge su sun zama kamar na kasuwa. Akwai Tauraron Boma, zarensa ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Haske yana cinye wannan launi, shi ya sa ban jera su a falo ba duk da yadda nake so baƙi su gani. Wanda ya goge tsohuwar lamba ya rage mata daraja a idon duk mai tara kaya, ya kuma share duhun da shekaru suka ba ta. Wani abu da mutane ba su lura da shi ba: taurarin da kakana ya karɓa babu suna a bayansu. Abin da zai nuna nasa ne shi ne littafin sallama da lambar da ke wuyan riga. Kun ga dalilin da ya sa wankewar tawadar nan ta fi funfunar ciwo a wurina. Littafin na ɗauki hoton kowane shafi, na cire ƙusar da ta yi tsatsa a tsakiyarsa, na sa shi a farar takarda. Don Allah kada a kai irin wannan takarda a manne ta da roba mai zafi kamar yadda muke yi wa satifiket. In an manne an manne ke nan, ba mai iya ɓarewa. Salatif ma haka, yana komawa rawaya ya ci takarda.

Ga masu sha'awar fara tarawa, ku tsaya a kan tsofaffin kaya masu tarihi. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kakin soja, kuma a halin tsaron da ake ciki, a ga kaki mai dabbare-dabbare irin na yanzu a ɗakinka ba ƙaramin bayani za ka yi ba. Harsashi ko gurneti, komai tsufansa, ba abin ajiya ba ne a gida. An taɓa yi mini tayin wani na ce a kai wa hukuma. Ni kowane abu da na saya nakan rubuta daga wa ya fito, wane soja ne, wace bataliya, in ajiye takardar tare da shi.

Ƙanena yanzu shi ne ke duba agogon danshi in ba na gari, kuma ya fi ni tsanani a kai. Na rubuta da babban baƙi na liƙa a murfin adakar cewa ba a wankewa, ba a guga, ba a sa leda. Lambar wuyan rigar kuma wani mai ɗaukar hoto ya gwada mini da fitila daga gefe a cikin duhu, alƙaluma uku na farko sun fito har ana karantawa, kuma sun yi daidai da na littafin. Sauran muna jiran mu samu fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita mu sake gwadawa.