Karan sigari da ƙwaryar goro: wuni guda a Fulashin

Kwanana tara a Niyok ban wuce unguwar Buronks ba, daga gidan Yaya sai masallaci sai shagon 'yan Gana inda muke cin waake da shinkafa. Ranar Asabar ya ce in shirya, zai kai ni ƙasar Sin ba tare da biza ba.

Muka hau jirgin ƙasa mai lamba 4 zuwa babbar tashar Grand Central, muka canza zuwa mai lamba 7. Wannan jirgi da ya shiga yankin Kwins sai ya fito daga rami ya hau gada, kana leƙen rufin gidajen mutane da shanyarsu. Kowace tasha fuskoki na canzawa: 'yan Bangaladash, 'yan Meziko, 'yan Nefal. Da muka kai tashar ƙarshe, Fulashin, muka fito Main Street, na rantse da ba don motocin 'yan sanda ba da ban ce Amurka nake ba. Allunan shaguna duk rubutun Sinanci da na Koriya, ga kifi mai rai yana fantsala ruwa a bokiti, ga agwagi gasassu a rataye.

Abin da hancina ya fara kamawa kuwa hayaƙi ne. Tun 2003 birnin ya hana shan taba a gidajen abinci da wuraren aiki, don haka masu dafa abinci da 'yan dako a bakin ƙofar baya suke tsugunawa, kowa da kara a baki. Kuma ba arha take ba, tun 2018 doka ta hana sayar da kwali ƙasa da dala 13.

Ashe Yaya da manufa ya kawo ni. Shekara ashirin yana busawa, tun yana yaron mota a Kumasi, kuma matarsa ta gaji da tarin asuba. Akwai wani dattijo Basine da suke tuƙin tasi tare, wanda ya daina, shi muka zo gani. Ya kai mu wani gidan taliya mai alamar halal, aka kawo mana kwanuka manya da romon naman shanu. Ni dai sandunan cin abincin nan sun ba ni kunya, sai da na roƙi cokali mai yatsu.

Dattijon ya ce a garinsu ba a gaisuwar maza hannu sake. Ka haɗu da mutum, ka zaro kwali ka miƙa masa kara. Ranar biki kwalaye ake jerawa a kan tebur, in za ka gaida surukinka da su za ka je. Wanda ya ƙi karɓa ya ci fuska. Ina jin haka na ce a raina, ai goro ne! Wa zai mayar wa dattijo goron da ya ɓantara ya miƙo masa? A Sin mashaya sun haura miliyan 300, kusan rabin mazan ƙasar, mata kuwa ƙalilan ne ƙwarai, kuma kamfanin tabar na gwamnati ne. Da wannan al'ada mutum yake sauka a filin jirgi.

Dattijon ya ce likita ya sha yi masa faɗa da Turanci, yana gyaɗa kai kawai. Matarsa ce ta ga talla a jaridar Sinanci ta buga waya a madadinsa. Layin ana ce masa Asian Smokers' Quitline, jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ke tafiyar da shi, kuma a 2012 ya game Amurka duka da kuɗin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin da ya kira kyauta ne, ana magana da harsunan Sin biyu, Mandarin da Kantonis, da Koriyanci da Biyetnamanci, kuma suna aiko da filastar nikotin, mai rage ƙishin taba, ta mako biyu har gida. Ya naɗe hannun riga ya nuna mana inda yake mannawa a damtse, kullum da safe sabuwa, yana canza wuri don kada fata ta yi ja.

Amma a cewarsa filasta ba ita ta yi aikin ba. Mai ba shi shawara a waya ta tambaye shi abin da ba wanda ya taɓa tambayarsa: in abokinka ya miƙo maka kara gobe, me za ka ce? Suka zauna suna gwada amsa, kamar masu koyon wasan kwaikwayo, har suka tsaya a kan cewa likita ya hana shi saboda jikarsa. Wannan uzuri ba mai jin haushinsa.

Bayan cin abinci ya zaga da mu ta gaban asibitin Charles B. Wang, wanda ya samo asali daga ƙaramin wurin shan magani da 'yan sa-kai suka buɗe a Chinatown, unguwar Sinawa da ke Manhattan, a 1971. Irin waɗannan asibitocin unguwa su ke tura mutane zuwa layin wayar, coci-cocin Koriyawa da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya kuma su ba da zaure da jama'a. Ni a ganina nan dabarar take. Takardar gwamnati ko ta kai tsinin allura, in ba ta bi ta hannun wanda kake jin kunyarsa ba, a kwandon shara za ta kwana.

A hanyar komawa Yaya ya yi shiru har muka wuce filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Mets. Can ya ce, "Kai ƙanena, da liman zai ce wani abu ranar Juma'a, da Hausa, da an samu masu ji."

Na ce, "Yaya, kai fa?"

Bai amsa ba. Da muka sauka Buronks ya shiga shagon 'yan Gana ya sayi goro na dala biyar, fari ƙal, ya zuba a aljihun da kwalin yake. Kwalin dai bai fitar da shi ba.