Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wa Zai Karɓi Baƙi?

A makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya ajiye sakatarcin gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni, littafin ya dawo hannuna. Har gobe akwai masu cewa na ba unguwarmu wasan gida uku a jere don son kai. Su nake so su karanta wannan kashin, in sun ga dama su ɗauki biro su gwada da kansu.

Kawu ba ya taɓa jadawali sai ya ce, "Tun ran gini, tun ran zane." Kafin a buga ƙwallon farko kowace ƙungiya ta san ranakun da za ta karɓi baƙi, kyaftin ɗinta ya sa hannu, an liƙa kwafi a bakin fili.

Ƙungiya takwas ce, kowa zai haɗu da kowa gida da waje: wasa 56 ke nan, huɗu a mako, mako 14. Ba da sunaye ake farawa ba, da lambobi. A jera 1, 2, 3, 4 a sama, 8, 7, 6, 5 a ƙasa, kowa ya kara da wanda ke ƙarƙashinsa. Mako na biyu lamba 1 ta tsaya a inda take, sauran bakwai su matsa taki ɗaya kamar hannun agogo, haka har mako bakwai. Sai an gama sa wa kowace lamba gida ko waje sannan a naɗe takardu a cikin hula a ja ƙuri'a a gaban kowa. In ƙungiyoyi tara ne, a ƙara lamba ta goma a kira ta hutu; wanda ya faɗo da ita ya zauna gida wannan makon.

Inda rigima take shi ne kowa na son gida, waje, gida, waje, babu tangarɗa. Ƙungiya biyu kaɗai ke iya samun haka. Tsarin iri biyu ne, ko ka fara a gida ko ka fara a waje, kuma ƙungiyoyi biyu masu tsari iri ɗaya ba za su taɓa haɗuwa ba, tunda duk ranar da wannan ke gida waccan ma tana gida. Dole sauran shida kowace ta yi gida biyu ko waje biyu a jere aƙalla sau ɗaya. Tamu lambar ta fara a waje, nata gida biyun ya faɗo mako na 6 da na 7. Zagaye na biyu kuwa juyin na farko ne, don haka mako na 8 ya zama gida. Ga ukun nan. Kyaftin ɗinmu ne ya zura hannu a hula, ba ni ba. Kuma masu wannan magana ba su taɓa faɗar cewa mako na 13 da na 14, lokacin da maki ya fi tsada, a filin wasu muka buga su ba.

Maganin ba shi da wuya: a fara zagaye na biyu da juyin wasannin mako na 2, a tura na makon farko can ƙarshe, babu mai yin uku a jere. Na kai wa Kawu wannan a tsakiyar gasa, ya ce, "Ɗana, gini ya bushe. Ka ajiye zanenka sai baɗi." Gaskiyarsa. Duk gyaran da aka yi bayan an ga teburi, komai kyansa, maguɗi za a kira shi.

Ƙungiyoyi biyu da ke amfani da filin firamare ɗaya ba sa jan ƙuri'a daban. Lambobi biyu masu kishiyantar juna ake ware musu, in wannan na gida waccan na waje, yadda ake yi wa Inter da AC Milan a San Siro.

Sai kalanda, wadda ta fi lissafin cin rai. Azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, jadawalin bara ba ya yi wa bana aiki. Agusta ruwa ne, fili mai kwari kada a ba shi gida a watan in akwai yadda za a yi. Mayu da Yuni 'yan jarrabawar WAEC ba sa samuwa. Daga baya, a shekarun da Pillars ta ɗauki kofi uku a jere, 2012 zuwa 2014, mun daina sa wasa ranar da take gida a Ƙofar Mata, don ko 'yan wasanmu can suke. Yammacin Asabar kuma gidan kallo ya cinye shi. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe shida a Kano. In an take wasa huɗu da rabi bayan La'asar, minti 45 sau biyu da hutu zai shiga Magariba, shi ya sa muke yin 35. A bar mako biyu fanko, ɗaya a tsakiya ɗaya kafin makon ƙarshe, don kwantan wasa da rasuwa.

Mai masaukin baƙi shi ke kawo ƙwallo biyu da famfo, ya ɗaura raga, ya ja layi da toka ko farar ƙasa tun kafin Azahar, ya ajiye jakar fiya wata biyu, ɗaya ta baƙi, ya tsayar da manya huɗu masu hana yara shiga fili. Kuɗin alƙalin wasa kuwa kada ya fito daga hannunsa. A tara shi wurin ma'aji tun ranar rajista, in ba haka ba duk fanaretin da aka ba mai gida an ce saye ya yi. Wanda bai fito ba bayan minti 30, an ci shi uku da nema, an ba abokin karawa maki uku, kuma in mai gida ne ya biya wa baƙi kuɗin mota. Wannan ma ran gini ake rubuta shi, ba ranar da abin ya faru ba.

Makon ƙarshe wasanni huɗun a lokaci ɗaya ake take su, fili huɗu, alƙali huɗu, don kada wani ya san sakamakon wani ya sayar da wasa. Ita kanta FIFA sai da Jamus ta Yamma da Ostiriya suka buga wasansu a Kofin Duniya na 1982 suna sane da sakamakon da zai wuce da su duka biyun, aka fitar da Aljeriya, sannan ta koma yin haka. Samun alƙalai huɗu rana ɗaya waɗanda babu mai suruki a ƙungiyar da zai busa wa, wannan sai mako mai zuwa.